Tambaya kan na'urar da ke gano ƙwayoyin cuta a abinci kafin a raba wa alhazai

Mai Madafa, Misfala

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe da malamai da sauran 'yan'uwa mazauna wannan ƙasa, ina kuma neman shawarar waɗanda Allah ya ba sani a fannin lafiyar abinci. Shekara tara ke nan ina kula da wata madafa a Makka da ke dafa wa alhazan Najeriya da Nijar abinci a lokacin Hajji da Umarar watan azumi, kuma a ranakun cunkoso mukan fitar da abincin mutum kusan dubu biyu, rana da dare.

A Hajjin da ya wuce, kwana biyu bayan an sauko daga Mina, aka kira ni wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare cewa mutane suna amai a ɗaya daga cikin masaukan da muke kai wa abinci. Sun ci shinkafa da miyar kaza da ƙarfe takwas. Da na isa na tarar da mutum goma sha huɗu a galabaice, cikinsu har da wata dattijuwa da ke zaune a kan matakala, ta rungume bokiti, gyalenta ya zame, ta ɗago kai ta ce mini, "Ɗana, me kuka sa mana a abincin nan?" Har yau wannan tambaya ba ta bar zuciyata ba. Allah ya taimaka duka sun warware kafin azahar ta washegari, ban da mutum biyu da aka yi wa ƙarin ruwa a asibiti.

Mukan ajiye ɗan samfur daga kowane girki a firji, saboda haka da safe muka aika da na daren zuwa ɗakin gwaje-gwaje. Sakamako bai fito ba sai bayan kwana biyar, lokacin da alhazan sun riga sun wuce Madina, kuma abin da takardar ta ce shi ne ba a sami ƙwayar cutar da ake kira Salmonella ba. Ke nan na yi jira, na biya kuɗi, ban kuma san abin da ya faru ba.

A makon jiya wani ɗan kasuwa ya kawo mini wata na'ura da ba ta fi wayar hannu girma ba, da wasu 'yan siraran alluna da ake ɗiga ruwan abinci a kansu, ya ce ana kiranta bayosensa kuma cikin minti goma sha biyar za ta faɗa mini ko akwai ƙwayar cuta a abincin. Ina so a yi mini bayanin yadda take aiki, da kuma ko mutum zai iya dogara da ita ya saki abincin bayin Allah dubu biyu, domin idan gaskiya ce ba na jin ƙyashin kuɗinta.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji, Jidda

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka damu da wannan al'amari har ka fito da shi fili, domin da yawa sukan binne irin wannan labari. Aikina ke nan, gwajin abinci da ruwa, saboda haka zan ɗan tsawaita.

Bayosensa ba baƙuwar aba ba ce a gidajenmu. Na'urar da masu ciwon sukari suke huda yatsa su ɗiga jini a kanta ita ce mafi shahara a cikin dangin. Asalin tunanin ya fito ne daga wani masani Ba'amurke, Leland Clark, wanda shi da abokin aikinsa Champ Lyons suka bayyana shi a 1962, kuma a 1975 aka fara sayar da na'urar auna sukari da aka gina a kan wannan tunani. Kowace irinta tana da sassa biyu. Sashe na farko wani abu ne da aka samo daga halitta mai rai, wanda ba ya kama komai sai abu guda da ya dace da shi, kamar yadda kwaɗo ba ya buɗuwa sai da makullinsa. A na'urar sukari wannan abu enzayim ne, wato sinadarin da halitta ke amfani da shi wajen sarrafa wani abu guda. A na'urar ƙwayoyin cuta kuwa yawanci sinadarin garkuwar jiki ne da ake kira antibodi, wanda aka samar musamman don ya manne wa fatar ƙwaya iri ɗaya. Sashe na biyu shi ne wanda ke mayar da wannan mannewa ta zama alamar da ido ko na'ura za su karanta, ko dai canjin ƙarfin lantarki, ko haske, ko launi. Allunan da aka nuna maka, idan na fahimci siffarsu, 'yan'uwan allon gwajin zazzaɓin cizon sauro ne da na gwajin ciki: jan layin da ke fitowa taron ƙananan ƙwayoyin zinariya ne da aka liƙa wa antibodi, suka taru a wuri guda saboda sun kama abin da suke nema.

To, ɗan kasuwan bai yi ƙarya ba game da minti goma sha biyar, amma bai faɗa maka abin da ke gabanin waɗannan mintuna ba. Ƙa'idar da ake bi a abincin da aka gama dafawa ita ce kada a sami Salmonella ko guda a cikin giram 25. Shi kuwa allon gwaji ba ya ganin ƙwaya ɗaya ko goma. Yawancinsu sai ƙwayoyin sun kai dubbai masu yawa, wani lokaci dubu ɗari, a cikin mililita ɗaya kafin layin ya fito. Shi ya sa mu a ɗakin gwaji muke ɗaukar giram 25, mu zuba a mililita 225 na wani romo da ƙwayoyin ke so, mu ajiye a ɗumin digiri 37 na kimanin awa 18 domin su hayayyafa. A tsohuwar hanya, bayan wannan akwai wani romon na kwana guda wanda ke danne sauran ƙwayoyi ya bar wadda ake nema, sannan a shafa a faranti a jira wani kwanan, sannan a tabbatar. Kwanakinka biyar a nan suka tafi. Abin da na'urar ke yi shi ne ta yanke matakan baya, amma renon farko yana nan. Ke nan ta mayar da kwana biyar zuwa kamar kwana ɗaya, wanda ba ƙaramin ci gaba ba ne, sai dai abincin daren yau ba zai jira gobe ba. Idan ka ɗiga ruwan miya kai tsaye daga tukunya, allon ya nuna babu, wannan "babu" ba ta da nauyin da za ka ɗora rayukan mutane a kai, musamman da yake wasu ƙwayoyin, irin su E. coli O157:H7, ƙasa da ɗari sun isa su kwantar da mutum.

Akwai kuma batun ɗiba. Tukunyar shinkafa mai kilo 40, giram 25 kashi ɗaya ne cikin 1,600 nata, kuma ƙwayoyin cuta ba sa bazuwa daidai wa daida kamar gishiri a miya. Suna iya taruwa a gefen da hannun wani ya taɓa ko inda ruwan ɗanyen nama ya ɗiga.

Amma abin da ya fi jan hankalina a labarinka shi ne lokaci. Ka ce sun ci da ƙarfe takwas, amai ya fara kafin sha ɗaya, kuma washegari sun miƙe. Salmonella ba ta cika yin wannan sauri ba. Takan ɗauki awa 6 zuwa 72, kuma takan zo da zazzaɓi da gudawa na kwanaki. Amai cikin awa biyu ko uku bayan cin shinkafa ya fi kama da aikin wata ƙwaya mai suna Bacillus cereus, ko kuma Staphylococcus aureus wadda ke zaune a hanci da fatar mutane lafiyayyu da yawa. Ita ta farkon tana zuwa ne tun daga gona a jikin ɗanyar shinkafa, a dunƙule cikin wani ɓawo mai tauri da tafasa ba ta kashe shi. Idan shinkafa ta dahu aka bar ta tana hucewa sannu a hankali, sai ƙwayar ta farka, ta hayayyafa, ta zubar da dafi a cikin abincin, kuma wannan dafin ko an sake ɗumama shinkafar har ta yi tururi ba ya lalacewa. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma idan haka ne, to takardar da aka ba ka gaskiya ta faɗa, tambayar da aka yi wa samfurin ce ba ta dace ba, kuma allon Salmonella na ɗan kasuwan shi ma babu zai ce, ko da ka gwada sau goma a daren. Ka duba mana littafinku ka ga ƙarfe nawa aka sauke shinkafar, ƙarfe nawa kuma ta isa masaukin.

Hajiya Mai Tuwo, Shara Mansur

Salamu alaikum. Ni ban yi karatun asibiti ba, amma na haura shekara ashirin ina dafa abincin sayarwa da na biki a garin nan, kuma maganar da malam na Jidda ya yi a kan shinkafa ta yi daidai da abin da idona ya gani. Tuwo da miyar kuka ba su taɓa ba ni kunya ba, domin da zafinsu ake kwasa a ci. Shinkafar da aka dafa da yawa tun da hantsi, aka danna a manyan kuloli aka rufe, ita ce abar tsoro, saboda samanta yana hucewa, tsakiyarta kuma ta zauna da ɗumi-ɗumi kamar jikin mutum har yamma, ba ta yi wari ba, ba ta yi yauƙi ba, ba wanda zai ce ta lalace. Ƙanina Mai Madafa, ka san yadda hanyoyin Makka suke a kwanakin nan, motar da ya kamata ta yi minti ashirin sai ta yi awa uku a tsaye, rana tana dukan bayanta.

Tambayata ga malam ita ce, na taɓa yin aikin wata guda a madafar wani otal, na ga mai duba tsafta yana goga wani ɗan tsinke mai auduga a kan katakon yanka nama, ya sa shi cikin wata 'yar na'ura, nan take lamba ta fito, ya ce a sake wankewa. Shin wannan ita ce na'urar da ake magana a kai, ko wata ce daban?

Ɗalibar Kimiyyar Abinci, Jidda

Assalamu alaikum. Mama Hajiya, da izinin malam zan amsa miki, domin a kan irin waɗannan na'urori nake karatu. Abin da kika gani shi ma bayosensa ne, amma ba ƙwayar cuta yake nema ba. Yana auna wani sinadari ne mai suna ATP wanda ke cikin kowace halitta mai rai da kuma ragowar abinci. A cikin tsinken akwai enzayim irin wanda ke sa ƙwaron nan mai walƙiya da dare, makesu, yake haske. Idan ya haɗu da ATP sai ya ba da ɗan haske, na'urar ta auna shi ta fitar da lamba cikin daƙiƙu kaɗan. Lamba mai yawa tana nufin wankin bai fita ba. Ba za ta ce miki Salmonella ce ko wata ba, amma ga madafa irin ta Baba Mai Madafa ina ganin ta fi allon da aka kawo masa amfani a kullum, domin tana nuna wa ma'aikaci a gaban idonsa cewa wuƙar da yake ganin ta fita tas ba ta fita ba.

Na yarda da duk abin da malam ya faɗa, sai dai ina jin tsoron kada mai karatu ya tashi da tunanin cewa na'urorin nan ba su da amfani. Matsalar a wurin da aka sa su take. A bakin tukunya, minti goma kafin a raba abinci, ba su da abin da za su yi. Amma kaza da nama da ƙwai da kayan ganye suna isowa madafa kwana biyu ko uku kafin a dafa su, kuma a nan kwana ɗaya na jira ba komai ba ne. Idan an karɓi katan ɗari na daskararriyar kaza daga dillali, gwajin da zai ba da amsa gobe da safe yana iya sa a mayar da kayan ko a canja dillalin, abin da gwajin kwana biyar ba zai taɓa yi ba. Haka kuma magudanar ruwa da injin yanka da ƙasan firji, inda ƙwayar cutar Listeria ke maƙalewa, ita da sanyin firji ba ya hana ta ƙaruwa. A Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018 wannan ƙwayar ta kama mutum fiye da dubu ta hanyar sarrafaffen nama, sama da ɗari biyu suka rasu, kuma an daɗe ana nema kafin a gano masana'antar da ta fito.

Saurin ganewa yana kuma hana a zalunci wanda bai ji ba bai gani ba. A Jamus a 2011, wani nau'in E. coli mai lamba O104:H4 ya kwantar da mutum kusan dubu huɗu, ya kashe sama da hamsin. Da farko aka ɗora laifin a kan kokwambar Sifen, manoma suka yi asara mai yawa, daga baya bincike ya kai ga tsiron hulba da aka shigo da irinta daga Masar. Ni da na tashi a Sudan, inda hulba ke kowane gida, wannan labari ya daɗe yana ba ni mamaki. A nan Saudiyya ma, a Riyad, a watan Afrilun 2024, mutum 75 ne suka kamu bayan cin abinci a wani gidan abinci, mutum ɗaya ya rasu, hukuma kuma ta gano ƙwayar Clostridium botulinum a cikin mayonis ɗin da ake amfani da shi. Wannan ma dafi ne, ba allon Salmonella ne zai gan shi ba, wanda ya ƙara ƙarfafa maganar malam cewa kowane kwaɗo da makullinsa.

Masu bincike suna ta ƙoƙarin gajarta renon nan na awa 18. Wata hanya ita ce a zuba ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da aka lulluɓe da antibodi a cikin romon, su kama ƙwayar cutar, sannan a janyo su gefe guda da maganaɗisu, a zubar da kitse da sauran tarkacen abinci da ke rikita na'ura. Wata hanyar ita ce a nemi DNA ɗin ƙwayar, wato sinadarin gadonta, a ninka shi. Akwai dabarar da wasu masana a Japan suka wallafa a 2000, ana kiranta LAMP, wadda ke aiki a zafi guda na wajen digiri 65 ba tare da babban inji ba, ta ba da amsa cikin kamar awa ɗaya. Rauninta shi ne tana iya ganin DNA ɗin ƙwayar da wuta ta riga ta kashe, ta ce akwai haɗari a abincin da ya dahu sarai. Saboda wannan ne wasu suka koma ga bakteriyofaj, wato bairas da ba ya kama mutum sai bakteriya, dangin su Salmonella, kuma ba ya hayayyafa sai a cikin ƙwaya mai rai.

Abin da ya sa na zaɓi wannan fanni shi ne garinmu. Iyayena mutanen Mai Wurno ne a gaɓar Shuɗin Nilu, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kai samfur Khartoum ya zama abin da ba a ma tunaninsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa, cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar 125,000, kuma nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin. A wurin da babu ɗakin gwaji ko kaɗan, na'urar da ke shiga jaka ta ba da amsa gobe tana da daraja ƙwarai.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji, Jidda

Ƙanwata ta yi gyara mai kyau, kuma na karɓa. Alhaji, idan ɗan kasuwan ya dawo, ka nemi takardar da ke cikin kwalin ka karanta da kanka. Ka ga wace ƙwaya allon ke nema, awa nawa na reno aka rubuta kafin a ɗiga, da kuma a kan waɗanne irin abinci aka jarraba shi, domin wanda aka tabbatar a kan ɗanyar kaza ba lallai ya yi daidai a miyar da ta sha manja da yaji ba. Ka tambaye shi shaidar wata hukuma mai zaman kanta irin su AOAC ko AFNOR, da kuma matsayin kayan a wurin Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya. Ka duba zafin da aka ce a ajiye allunan, saboda antibodi yana lalacewa da zafi, kuma ba mu manta ba a Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 51. Sannan ka sani cewa reno yana nufin ka tara miliyoyin ƙwayoyin cuta da gangan a cikin kwalba, abin da bai halatta a yi shi kusa da inda ake girki ba. Sai da ɗaki na daban, da wanda ya iya, da hanyar kashe su kafin a zubar. Duk sakamakon da ya nuna akwai, a aika ɗakin gwaji a tabbatar.

Game da shinkafa, kayan aikinka ma'aunin zafi ne mai tsinke da agogo. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyi ke ƙaruwa, kuma idan yanayi ya yi musu daɗi wasu sukan ninka duk minti ashirin, ta yadda guda ɗaya za ta haura miliyan biyu cikin awa bakwai.

Mai Madafa, Misfala

Na gode, Allah ya ƙara muku sani, ya saka wa iyaye. Na je na buɗe littafin ranar kamar yadda malam ya ce. An sauke shinkafar da ƙarfe ɗaya da rabi na rana, saboda mun raba girkin gida biyu don tukwane su isa, kuma ta masaukin nan tana cikin rukunin farko. Motar ta tashi ƙarfe biyar, direban ya rubuta cewa ya isa bakwai da kwata. Sauran masaukan da suka sami rukuni na biyu, wanda aka sauke ƙarfe huɗu, ba wanda ya yi ko ciwon kai. Babu inda aka rubuta zafin abincin, domin ba mu taɓa aunawa ba bayan an zuba a kula.

Na sayi ma'aunin zafi guda shida jiya a nan Makka, kuma daga Umarar azumi kowane direba zai soka shi a tsakiyar kula a gaban mai karɓa, ya rubuta lamba da lokaci. Ɗan kasuwan na ce masa ya kawo mini takardar kwalin ranar Asabar. 'Yata ɗaliba, idan na ɗauki hotonta na sa a nan, ina roƙon ki duba mini ko ya dace da gwajin ɗanyar kazar da muke karɓa, kuma ki faɗa mini sunan da ake kiran tsinken nan mai haske da Larabci, domin in san abin da zan tambaya a shagunan kayan asibiti.